Gungumen da Bai Ci Wuta Ba

Har yau in na ji warin kalwa a kan wuta sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san tsayawa ba halina ba ne. Na yi gyaran keke, na yi faci, na yi wata biyu a gidan burodi na gudu, yanzu ga ni ina jan tifa, ina kai yashi can dajin da ake cewa za a gina sabon babban birni. Amma warin nan shi kaɗai yake kama ni kamar an riƙe mini wuyan riga. Nan take sai in ga kaina a tsakar gidanmu, lokacin garin nan namu ana ce masa Abuja, ba a riga an karɓe mana sunan an bar mu da Suleja ba.

Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, daddawa take yi. Wanda bai sani ba, kalwa ba ta dahuwa da wasa. Tun safe ake ɗora ta a wata ƙatuwar tukunya ƙarƙashin rumfa, har a yi magariba a ci tuwo tana nan tana tafasa. To wutar nan ita ce majalisarmu. Dokar Iya ɗaya ce: wanda ya kawo itace shi ke da kunne. Sai mu jero, ni da ƙanwata Ladi da yaran maƙwabta, kowa da ɗan icensa a hammata. Ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno, da wani dogon kara a hannu da take iza wuta da shi, take kuma ɗana wa mai surutu. In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, ga wuri." Ni ba ta taɓa kiran sunana Tanko ba, sai dai Ango. "Ango, zauna mana. Kai ko ƙaya ce a gindin naka?"

A shekarar da nake ba ku labari ina aji shida, amma a baki kawai. Da safe in sa kayan makaranta, in rataya jaka, in bi ta gaban shagon Baba a kasuwa don ya gan ni, shi tela ne, kansa na kan keken ɗinki amma idonsa na kan titi. Da na sha kwana sai tasha. Sau ɗaya an taɓa kama ni, ran nan Baba bai dake ni ba, magana kawai ya yi. Ya ce, "Tanko, ranar da na sake jin ka tsallake makaranta, Chaza za ka, gonar kawunka. Ka ga fartanya za ta koya maka zama." Chaza fa! Ba tasha, ba motoci, ba kowa sai kunyar doya. A wajena a lokacin, da a kai ni can gara a ɗaure ni.

To ana nan sai wani mutumin Minna ya zo da majigi da janareta. Ya kama wani tsohon sito a bayan tasha, ya toshe tagogin da buhuna, yana nuna fim da rana tsaka, daidai lokacin da ya kamata a ce ina aji ina haddace jadawali. Ni kuwa na gano wani gurbi a saman bango inda kwano ya ɗage. Daga nan na kalli wani fim na Turawa har sau huɗu. Kai! Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Ba faɗa, ba rawa, amma numfashinka ba ya sauka. An kashe wani tsohon attajiri a ƙaton gidansa, wani mai bincike mai ɗingishi yana neman wanda ya kashe shi. Turancin nasu ta hanci yake fita, rabi ban ji ba, amma idona bai bar komai ba.

Da yamma ina zaune gaban wuta, cikina kamar zai fashe da labari, ga Iya ta ɗauko na kura da zomo wanda muka ji ya fi sau talatin. Ban san lokacin da na ce, "Haba Iya, tatsuniyoyin nan naki duk sun yi furfura."

Ta dube ni ta gefen ido. "To Ango, kawo naka mai baƙin gashi mu ji."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina! Matsalar ita ce ba halin in ce a fim na gani, don kowa ya san da rana ake nuna shi. Sai na tuna akwatin Yaya Haruna, wana da ke sakandare a Bida. Akwai wani littafi a ciki, bangonsa da hoton gida a kan tudu, harufan da ke kansa kuma su ne dai na jikin takardar da aka manna a ƙofar sito. Na ruga na ɗauko, na zauna na harɗe ƙafa, na buɗe shi da tsiya kamar wani alƙali.

"A makaranta aka koya mana karanta irinsa," na ce. "Zan riƙa karantawa ina juya muku da Hausa."

"Iko sai Allah," in ji Iya. "Ashe mijin nawa malami ne."

Gaskiyar magana, layin farko ma na kasa haye shi. Kalmomin dogaye ne kamar jirgin ƙasa. Sai na kafa ido a takarda, ina motsa leɓe, bakina kuma yana zuba abin da na gani a sito. Kwana biyar ina yi. Yara suka ƙaru har da na wata unguwa, itace ya taru har Iya ta ce ta huta da saye. Ina yin muryar kowa. Ina tashi in yi ɗingishin mai binciken. In wuri ya yi zafi har kiɗan nake yi da baki, dum, dum, dum, Ladi ta ƙanƙame zanen Iya. A rana ta biyar na kai ƙarshe: ɗan ƙanin attajirin ne, wani mai tabo a kumatu, ya shigo da tsakar dare ya kashe shi. Aka bi shi da mota, ya yi ta gudu, ya faɗa gada, motar ta kama da wuta. Yara suka yi ta ihu suna tsalle.

Iya ba ta yi ihu ba. Ta iza wuta, ta ce, "Koma baya. Da safe da aka shiga ɗakin, me ka ce an gani a murhun?"

"Gungume, Iya. Ƙato. Gefe ɗaya ne kawai ya yi baƙi."

"Bargon tsohon fa?"

"Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa."

"Kuma ka ce garin nasu sanyi kamar me."

"Har hayaƙi ke fita a bakinsu."

Ta ce, "Hmm." Shi ke nan. Na ce a raina tsufa ne.

Bayan kwana uku aka yi hutu, Yaya Haruna ya dawo. Ran nan an wuni ana ruwa, marka ta sauka, kowa ya matso rumfa don jin ɗumi. Har Baba, wanda ba ya zama cikinmu, ya jawo buzunsa ya zauna daga gefe yana jan carbi. Ga kuma Sista Bose, wata Bayarabiya ma'aikaciyar asibiti da ke haya a ɗakin ƙofar gidanmu, ta zo gasa masara a garwashin Iya kamar yadda ta saba. Ina zaune lafiya lau, sai na ji Iya ta ce,

"Haruna, ai bayan tafiyarka an yi abin arziki. Ango ya karanta mana littafin nan naka mai hoton gida, tun daga fari har ƙarshe."

Yaya ya juyo ya dube ni kamar ya ga akuya tana tuƙa keke. "Wa? Tanko? Littafin da ya sha ni wata guda da ƙamus a hannu?"

"Wane littafi?" in ji Sista. Ladi uwar rawar kai ta ruga ta ɗauko. Sista na ganin bangon ta saki masara ta tafa hannu. "Ah-ah! Wannan? Na karanta shi sau biyu o! Sau na farko ban yi barci ba, na je aiki ina ba mara lafiya magani ina tunanin mai ɗingishi."

Nan fa suka ɓarke. Yaya ya ce shi abin da ya fi burge shi, marubucin bai ɓoye komai ba, ya ajiye maka gaskiya a gabanka tun babi na uku amma ka wuce ta kamar makaho. Sista ta ce ita ta zargi mai dafa abinci har kusan ƙarshe, don matar ta cika kuka. Ina jin su ina gyaɗa kai kamar ɗan gari, har ina cewa, "Ƙwarai kuwa." Sai Sista ta ce,

"Amma fim ɗin da suka yi da shi, kai, Allah ya isa. Na gani a silima a Kaduna. Sun lalata shi. Sun sa mota, sun sa gada, sun sa wuta. A ina ka ga mota a littafin nan?"

"Ko keke babu," in ji Yaya. "Ni ban gani ba, amma wani ɗan ajinmu ya ce har wanda ya yi kisan sun canza."

"Sun canza mana! Akwai kuma na talabijin, wanda ake yi kashi-kashi, na gani a gidan yayata. Su ba su canza mutumin ba, amma sun mai da mai ɗingishi saurayi kyakkyawa, har da budurwa. Ɗingishin ma sun warkar da shi."

Baba ya ɗago kai. "Wannan fim ɗin mai mota, ba shi ne abin da ake nunawa a bayan tasha da rana ba? Wanda 'yan iskan yara ke lafewa a bango?"

"Shi ne, Baba," in ji Sista.

Wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Sun canza wanda ya yi kisan! Ke nan duk wanda ya ji ƙarshen da na bayar, da mota da gada, ya san ba daga takarda na samo shi ba. Ya san inda nake wuni. Na hango Chaza ƙiri-ƙiri, har da fartanyar. Na duba ƙofa, Baba ne zaune a hanyar.

Yaya ya matso yana murmushin mugunta. "To malam Tanko, tunda ka karanta, faɗa mana. Wa ya kashe tsohon?"

Sai karan Iya ya sauka a ƙasa tsakanina da shi, tim.

"Kai Haruna, a gaban wutata ba a fara labari ta wutsiya. Ango ya yi nasa aikin, ya gaji. Yau ni zan bayar, ku masu karatu ku zauna ku ji ko na riƙe. Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

"Ta shigo, ga wuri," kowa ya amsa, har da Sista.

Ku zo ku ji yadda tsohuwar nan ta yi da labarin Turawa. Ta ɗauke gidan daga ƙasarsu ta dasa shi a gindin dutsen Zuma. Attajirin ya zama wani tsohon fatake da ya tara abin duniya ya rasa ɗa, yana zaune shi kaɗai da mai dafa masa abinci. Ga ɗan ƙaninsa mai tabo a kumatu, ɗan caca, kullum suna rigima. Ga kuma amininsa na shekara arba'in, wanda kowace yamma yake zuwa su buga dara har a kira magariba. Mai binciken kuwa ta ce tsohon masinja ne da ya yi ritaya, ƙafa ɗaya ta gajarta, ba ya ɗaga murya, sai dai ya shiga gida ya yi ta kallon abin da ba wanda ya kula da shi.

Wata safiya cikin marka irin wannan, mai abinci ta shiga da kunu ta tarar da tsoho a kujerarsa ya sandare. Aka tara mutane. Aminin yana hawaye ya ce, "Jiya da magariba na bar shi lafiya ƙalau, har da hannunsa ya ɗora gungume a wuta yana yi mini dariya don na sha kashi a dara." Mai abinci ta ce ita da tsakar dare ta ji an taɓa ƙofar baya. Aka duba, ga sawun takalmin mai tabo a cikin taɓo. Kowa ya ce shi ne, a kama shi.

Iya na bayarwa tana canza murya, in ta zo kan masinja sai ta karkata kafaɗa ɗaya tana daga zaune, ka rantse ɗingishi take. Sista ta manta da masararta har ta ƙone. Yaya yana ta cewa, "Haka ne, haka ne." Ni kuwa ina ƙirga taku, don na san saura kaɗan mota ta fito.

Ai kuwa sai Ladi ta zabura. "Iya, kin manta! Sai ya shiga mo..."

"Ladi," in ji Iya, ko kallonta ba ta yi ba, "tashi ki ɗebo mini itace a zaure. Busasshe. Ki zaɓa da kyau, kar ki yi sauri."

Ladi ta tafi tana tura baki. Iya ta gyara zama, ta rage murya, har sai da Baba ya daina jan carbi.

"Sai masinja ya ce a dakata. Ya ɗingisa ya je gaban murhu ya tsuguna. Ya ce, jama'a, ku zo ku ga. Ga gungume nan, gefe ɗaya ya yi baƙi, sauran ko zafi bai ji ba. Ga bargo can a ƙusa. Ya ce, ni tsoho ne, na san jikin tsoho. Mai shekara saba'in ba ya zama cikin sanyi yana kallon wutarsa tana mutuwa. Da ya kai isha'i da rai, da ya iza gungumen nan. Da ya kai tsakar dare, da ya cinye shi ya ɗora wani, da bargon nan yana kafaɗarsa. Wutar nan tun magariba ta mutu, don tun magariba babu mai iza ta. Yaron nan da ya shigo da tsakar dare, gawa ya tarar, tsoro ya kore shi. To wa ke tare da tsoho da magariba?"

Ba ka jin komai sai tafasar kalwa da ɗigar ruwa daga bakin rumfa. Ta ɗaga karanta a hankali ta nuna wani wuri a cikin duhu, kamar mutumin yana tsaye a can.

"Sai masinja ya juya ya dubi aminin. Ya ce, kai ka ɗora gungumen nan, don a ce ka bar shi da rai. Amma ka manta wuta ba ta ci sai da mai ita."

Yaya Haruna ya yi wani tsalle har ya kusa kifar da tukunya. "Wallahi shi ne! Aminin ne! Gungumen ne! Haka yake a littafin, Iya, haka yake!"

Sista ta dafe kai tana dariya tana cewa, "Mama! Mama, kin fi masu fim! Su sun nuna gungumen o, na gan shi da idona, amma sun manta dalilin da ya sa yake wurin. Na talabijin kuma sun cire shi gaba ɗaya, sai mutumin ya fashe da kuka ya tona kansa. Wa ke tona kansa haka kawai?"

Aka shiga musu mai daɗi. Yaya ya ce dalilin kisan ne kawai Iya ta sauya, ita ta ce tsohuwar gaba ce a kan gona, a littafin kuwa wata wasiƙa ce tsohon ya gano. Iya ta ce, "Wannan kuma gishirina ne, kowace mai miya da hannunta." Sista ta ce masu fim sun ga ɗan wasan da ya fito a aminin yana da fuskar mutanen kirki, shi ya sa suka ji tsoron ɓata shi. Yaya ya ce a'a, sun raina masu kallo ne, sun ɗauka in ba a ƙona mota ba ba za mu gane an gama ba. Har Baba ya sa baki, ya ce shi tun farko bai yarda da mai yawan hawayen nan ba. Ladi ta dawo da itace ta tarar an gama, ta fashe da kuka. Iya ta rufe da cewa, "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Ni fa? Na tsira. Daɗi kamar in yi ta birgima a taɓo. Sai da Baba ya tashi zai shiga, ya tsaya a kaina, ya dafa mini kai. Bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ashe kana karatu. Madalla. Gobe ka zo shago in auna ka, in ɗinka maka sabon wando na makaranta."

Wannan hannun nasa ya fi duk bulalar da na taɓa sha zafi.

Washegari da hantsi Iya ta ce in ɗaukar mata kwandon kalwa zuwa rafi, za ta wanke. Sai da ta tsuguna ta fara cuɗawa, ɓawon yana bin ruwa, na kasa haƙuri.

"Iya, wa ya gaya miki aminin ne?"

"Kai mana."

"Ni ce miki na yi mai tabo ne."

"Bakinka ya ce mai tabo. Amma ka ce gungume bai ci ba, ka ce bargo na ƙusa. Shekara hamsin ina gaban murhu, Ango. Labarin da ka kawo mini an karya masa ƙafa, na dai ɗora shi ne." Ta ɗauraye hannu ta dube ni. "Kuma wutar kalwa ko zare ba na iya sa wa allura a gabanta, balle kai ka ga waɗannan ƙananan baƙaƙen. Kwana uku yatsanka na kan shafi ɗaya. Sannan ni dai ban yi boko ba, amma ban taɓa jin littafin da ke yin dum, dum, dum ba."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Za ki gaya wa Baba?"

"Da zan gaya masa da jiya na bari Ladi ta ƙarasa. Ban rufa maka asiri don ka ci gaba ba. Na rufa ne don kar a tona ka a gaban baƙuwa da ƙannenka." Ta ci gaba da cuɗa kalwarta. "Amma ka sani, kujerarka ta makaranta murhu ce. Tun yaushe ta huce? Akwai ranar da wani zai tsuguna ya taɓa tokar. Gara babanka ya ji daga bakinka kafin ya yanka yadin nan."

Na yi ta zagaye kasuwa har azahar. Sau uku ina zuwa bakin shagon ina wucewa. A na huɗu na shiga. Baba ya ɗauko tef zai auna ni, na ce ya dakata, na faɗa masa komai, da tasha, da sito, da gurbin bango. Ya daɗe yana naɗe tef ɗin a yatsa yana warwarewa. Sannan ya ce, "Na ji daɗi da ka faɗa. Amma magana na riga na yi ta." Ranar kasuwa aka sa ni a gaba sai Chaza.

Da zan tafi Yaya Haruna ya cusa mini littafin a jaka, ya ce, "Tunda ka yi suna da shi, sai ka biya." Sista ta ba ni wani ɗan ƙaramin ƙamus da bangonsa ya cire. A Chaza ba abin kallo, ba inda za ka gudu. In mun taso daga gona da la'asar sai in hau kan wani dutse in yi ta fama, layi ɗaya, layi biyu, wata rana shafi guda. Da farko don haushi nake yi. Daga baya sai na ga ina sauri in gama kunyata don in je in ji me masinja zai ce, ko da yake a littafin ba masinja ba ne, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Aka cire doya, aka yi girbin dawa, ina nan. Ranar da na iso shafin da ya tsuguna gaban murhu, na karanta da kaina, baƙi bayan baƙi, na ga gungumen nan kwance a cikin Turanci kamar yadda Iya ta faɗa, ban san lokacin da na diro daga dutsen ba. Ko sallama ban yi wa kawu ba. Da gudu da tafiya na iso gida ana kiran magariba, na faɗa tsakar gida ina haki, littafi a sama.

"Iya! Na gani! Da idona na karanta! Wallahi gungumen yana ciki!"

Tana kan 'yar kujerarta. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai, duk na yi baƙi na rame. Ta ce, "Na sani. Ina icenka?"

Na koma zaure na ɗauko.

Makaranta dai ban koma ba, ba zan yi muku ƙarya ba, zaman aji bai karɓe ni ba har yau. Littafin nan shi kaɗai na taɓa gamawa a rayuwata, yana nan cikin aljihun motata, duk ya sha baƙin mai. Iya ta rasu shekara biyu da suka wuce, an ba wata maƙwabciya tukunyar. Da ina yaro na ɗauka abin da ta koya mini shi ne kar in yi ƙarya don za a kama ni. Yanzu da nake yawo cikin mutane iri-iri, 'yan kwangila da 'yan kamasho da masu daɗin baki, na ga ba shi ke nan ba. Kowa zai nuna maka mota da gada da wuta, ya cika maka ido. Ni kuwa sai in bar shi ya gama, in waiwaya in nemi murhun. Har kaina nake yi wa haka. Duk sanda na ji ƙafata ta fara ƙaiƙayi, ina ce wa mutane ina nan daram alhali zuciyata ta riga ta bar wurin, sai in ji muryarta tana tambaya tun yaushe wutar ta mutu.

Shekaranjiya na wuce ta bayan tasha. Siton nan an mai da shi wurin ajiye siminti, amma kwanon saman bangon har yanzu a ɗage yake. Na rage gudu na dube shi. Daga wani gida can baya kuma sai ga warin kalwa. Na kashe mota na zauna, direban motar da ke bayana yana ta danna ham, ni kuwa ina laluben gefen kujera, wai ko akwai ɗan icen da zan shiga da shi.